Kiɗa a cikin hular kwano: yadda ake haɗa waya da babur, da inda dokar Kano ta tsaya

Wanda ya tsaya da yamma a mahaɗar Court Road da titin Zariya a Gyadi-Gyadi, lokacin da ma'aikata da 'yan kasuwa ke komawa gida, zai lura cewa matasa masu babur da dama suna tafe da wani abu a kunne. Wani iyafis mai igiya ne ya zuro ta wuyan riga, wani kuma ƙaramin nan marar igiya. Ƙalilan ne daga cikinsu ke sanye da hular kwano, kuma daga cikin ƙalilan ɗin akwai waɗanda za ka ga ɗan akwati baƙi manne a gefen hagu na hularsu. Wannan akwatin shi ne na'urar sauraro ta hular kwano: lasifika biyu siraran da ake liƙawa a cikin hular daura da kunnuwa, da makirfo a gaban baki, da batir da maɓallai a waje, duka suna magana da waya ta hanyar Bluetooth.

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, ba sabon abu ba ne a Kano ka ga mai mota ya ajiye ta ya koma babur, ga kuma masu kai saƙo da ke yini a kan titi suna amsa kiran abokan ciniki. Duk waɗannan suna son kiɗa, ko karatu, ko shirin siyasa na rediyo, ko muryar taswira. Haɗa na'urar aikin minti biyar ne. Abin da ke biyo bayan haɗawar, a titi da kuma gaban jami'i, shi ne ya fi buƙatar bayani.

Waya, hula da babur: wa ke haɗuwa da wa

Bluetooth fasaha ce ta rediyo mai gajeren zango wadda injiniyoyin kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin suka fara aikinta a 1994, aka kuma raɗa mata sunan wani sarkin Denmak na ƙarni na 10. Tana aiki a kan mita 2.4 gigahaz, kuma a wayoyin hannu zangonta kusan mita 10 ne, wanda ya ishi tazarar aljihu zuwa kai. A cikinta akwai ƙa'idoji daban-daban na aiki, uku daga ciki su ne suka shafi mai babur. A2DP ce ke ɗauko kiɗa daga waya zuwa lasifika. HFP ce ke ɗaukar kira. AVRCP kuma ita ce ke ba maɓallin da ke jikin hula ikon tsayar da waƙa ko tsallakewa zuwa ta gaba. Idan an rubuta waɗannan ukun a jikin kwalin na'ura, to za ta yi abin da ake nema. Wannan rabon aikin ne ma ya sa sauti ke raguwa da kyau da zarar kira ya shigo: na'urar ta bar layin kiɗa ta koma layin magana, wanda ya fi shi ƙunci.

Galibin bayanan da ake samu a intanet game da wannan batu an rubuta su ne don manyan babura na Turai da Amurka da Japan masu allon kwamfuta a gaba, irin su BMW ko Honda Gold Wing, wanda tun samfurin 2018 yake ɗauke da Apple CarPlay. A irin waɗannan, babur ne ke zama tsani: waya ta haɗu da babur, hula ma ta haɗu da babur, sai direba ya riƙa zaɓar waƙa da maɓallin da ke kusa da babban yatsansa. Matsalar da aka fi samu a can ita ce mutum ya haɗa wayar da babur, ya kuma haɗa ta da hula kai tsaye. Sai sautin ya rasa hanyar da zai bi, ya riƙa yankewa ko ya yi shiru ɗungurum. Maganinta a goge duk haɗin da aka yi a na'urorin uku, a sake daga farko, ta hanya guda.

Baburan da suka cika Tarauni ba su da wannan allon. Bajaj Boxer ne, da Jincheng, da Lifan, da Haojue, da TVS, da ƙananan nan da ake kira roba-roba. A nan babur ba shi da hannu a cikin sautin ko kaɗan. Waya ce da hula, shi ke nan. Abin da babur ke iya bayarwa shi ne wuta.

Haɗawar kanta

A fara da cika batirin na'urar. Sannan, tana kashe, a danne babban maɓallinta na wasu daƙiƙoƙi har fitilarta ta fara ƙyafta ja da shuɗi bi da bi, alamar tana neman abokiyar haɗi. A kunna Bluetooth a waya, a nemi sabbin na'urori, a taɓa sunanta idan ya fito. Tsofaffin samfura kan nemi lambar sirri, kuma galibi sifili huɗu ce. Daga ranar, duk lokacin da aka kunna su kusa da juna za su gane juna da kansu.

Idan kira yana shiga amma kiɗa ba ya fita, a shiga bayanan na'urar a cikin saitin wayar. A wayoyin Android irin su Tecno, Infinix, itel, Samsung da Redmi akwai makunnin kira daban, na kiɗa daban, kuma sau da yawa na biyun ne a kashe. Idan sautin ya yi ƙasa, a tuna cewa ma'aunin ƙara biyu ne, na waya da na hula. Idan kuma wayar ta ƙi ganin na'urar, yawanci ta riga ta maƙale ne da wani iyafis ko lasifikar da ke kusa.

Mai son rediyo ya san wani abu guda. Rediyon FM na wayoyi da yawa yana amfani da igiyar iyafis a matsayin eriya, don haka ba ya kamawa idan babu igiya a jiki. Wanda ba ya son Kowane Gauta ko Inda Ranka na Freedom Radio su wuce shi a hanya, ya nemi na'urar hula mai nata rediyon a ciki, ko ya saurara ta intanet ya biya da data. Waƙoƙi kuwa gara a sauke su tun a gida daga Audiomack ko Boomplay, a jera su, don kada hannu ya nemi waya a tsakiyar titi.

Ɗora lasifikar a cikin hula ya fi haɗa Bluetooth tasiri a kan sautin da za a ji. Dole kowace ta zauna daidai saitin ramin kunne. Idan ta goce da faɗin yatsa ɗaya, ƙarar za ta ragu sosai, mutum ya yi ta ƙara murya yana zargin na'urar. Huluna masu kyau suna zuwa da ɗan gurbi a wurin kunne don wannan aikin. Idan babu gurbin, kada a yarda kowa ya sa reza ya ƙwaƙule farin soson nan mai tauri da ke ƙarƙashin ƙyallen hular, kada kuma a huda ƙoƙonta don ɗaura akwatin. Wannan farin soson shi ne hular; shi ke murƙushewa ya shanye bugun da zai isa ƙwaƙwalwa. Akwatin ana maƙala shi ne da matsewa a bakin hular ko da manne. Hula mai buɗaɗɗiyar fuska tana buƙatar makirfo mai sanda, mai rufe haɓa kuma ƙaramin mai mannewa.

Wuta, zafi da ɓarawo

Batirin babur bolt 12 yake bayarwa, waya kuma bolt 5 take sha ta USB, don haka sai da ɗan mai rage wuta a tsakani. Wasu sababbin babura, kamar wasu samfuran TVS HLX, suna fitowa da ramin caji daga kamfani. Ga sauran, riwaya zai ɗaura shi cikin ɗan lokaci, amma a tsaya a kansa a kan abu biyu: ya sa fiyus, kuma ya ɗauko wutar daga layin da makulli ke kunnawa. Idan ya jona kai tsaye a kan batir, na'urar za ta riƙa tsotsar wuta ko babur na kashe, kuma batirin ƙaramin babur ba shi da rarar da zai jure hakan. Da safe sai dai kik.

Sai tambayar inda wayar za ta zauna. Maƙalin waya a kan hannun babur yana da kyan gani, amma a Kano yana da illa uku. Ta farko rana: kamfanin Apple ya ce an ƙera wayoyinsa su yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, alhali zafin Kano a watan Afrilu yana haura 40, kuma wayar da ke caji a tsakiyar rana tana buɗe da taswira za ta yi zafi har ta rage aiki ko ta kashe kanta. Ta biyu girgiza: a watan Satumbar 2021 kamfanin ya yi gargaɗi cewa girgizar injin manyan babura na iya lalata sassan kyamarar da ke daidaita hoto, ya kuma ba masu ƙananan babura shawarar amfani da maƙali mai rage girgiza. Ta uku ba ta buƙatar gargaɗin kamfani. Ƙwacen waya ya yi ƙamari a birnin har ta kai majalisar tsaron jihar ta ayyana shi a matsayin fashi da makami a watan Mayun 2023. Wayar da ke haske a kan babur a cikin cunkoson Unguwa Uku ko Hotoro da almuru tallar kanta take yi. A wannan fuskar na'urar hula tana da amfani na gaske, domin wayar tana cikin aljihu mai zif, kira kuma yana shiga ba tare da an fito da ita ba.

Mai saye ba sai ya yi nisa ba, tunda kasuwar waya ta Farm Centre a cikin Tarauni take. Manyan sunaye a duniya su ne Sena da Cardo, masu tsada. Abin da ya fi yawa a kasuwanninmu na ƙasar Sin ne, wasu nagari, wasu kuwa sunan wani suka ara. A gwada a shago kafin a biya, a kuma duba alamar IP da lambobi biyu: ta farko juriyar ƙura ce, ta biyu ta ruwa. IP67 za ta ɗauki ƙurar hunturu da ruwan Agusta. Wadda ba ta da alamar ko kaɗan, damina ɗaya na iya gamawa da ita.

Kunne

Ga ɓangaren da mai shago ba zai faɗa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa matasa fiye da biliyan 1 masu shekara 12 zuwa 35 suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraron sauti. Ma'auninta ga babba shi ne desibel 80 na tsawon sa'o'i 40 a mako. Idan ƙarar ta kai desibel 90, lokacin ya ragu zuwa sa'o'i 4 a mako. A desibel 100, minti 20 ne kacal. Binciken da aka yi a Birtaniya a shekarun 1990 ya nuna cewa ƙarar iska kaɗai a cikin hular kwano tana kaiwa kusan desibel 90 a gudun kilomita 60 cikin sa'a, tana kuma ƙaruwa da gudu. Ke nan wanda ya miƙa titin Maiduguri ko na Zariya da gudu yana son jin baitin waƙa sarai, sai ya ɗaga kiɗan sama da abin da tuni yake cutar da kunne. Ƙwayoyin ji na cikin kunne idan suka mutu ba sa sake tsirowa, kuma alamar farko ita ce ƙugin nan da mutum ke ji bayan ya sauka. Gwaji mai sauƙi: a saita ƙarar babur na tsaye, a daidai inda za a iya jin maganar mutumin da ke kusa, a bar ta a nan. Idan gudu ya sa waƙar ta ɓace, a haƙura da waƙar.

Bayan lafiyar kunne akwai aikin kunne. A titunan Kano da hon ake magana: mai adaidaita sahu da zai yanko, tifar da birkinta ya yi sanyi, tirela a bayanka. Gyadi-Gyadi kuma tana da nata dalilin na musamman, domin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana nan bakin titin Zariya, motocin ɗaukar marasa lafiya na shiga da fita dare da rana. A nan ne bambancin iyafis da lasifikar hula yake. Iyafis yana toshe ramin kunne, masu kashe ƙarar waje ma sun fi muni. Lasifikar hula tana zaune ne a waje, tana barin jiniya da hon su shigo. Faransa ta gina dokarta a kan wannan bambancin: tun ranar 1 ga Yulin 2015 haramun ne direba, ko mai babur, ko mai keke ya sa wani abin sauraro a kunne, tarar Yuro 135, amma an bar na'urar da aka gina a jikin hula.

Kira kuma wani abu ne daban da kiɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce direban da ke amfani da waya ya ninka wanda ba ya yi kusan sau 4 wajen yiwuwar yin haɗari, kuma wayar da ba a riƙe da hannu ba ta fi ta hannu aminci sosai ba, domin hankali ne ke tafiya wurin zancen. Mai kai saƙon da ke ciniki da abokin hulɗa yana kutsawa ƙarƙashin gadar Dangi, hannayensa biyu na kan babur, amma rabin kansa na wani wuri.

Abin da doka ta ce

Dokar kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta 2007 ta sanya kira ko amsa waya yayin tuƙi cikin laifuka, kuma ƙa'idojin zirga-zirga na ƙasa na 2012 sun ƙarfafa hakan da cewa ta kowace siga. A jadawalin dokar, tarar amfani da waya naira 4,000 ce, ta hawa babur ba hular kwano kuma naira 2,000. Daga ranar 1 ga Yulin 2017 hukumar ta ƙara da tura masu wasu laifuka, har da na waya, gwajin lafiyar ƙwaƙwalwa. Kalmar "ta kowace siga" tana da faɗin da za ta iya haɗiye kiran da aka amsa ta cikin hula, don haka mai babur kada ya ɗauka cewa rashin riƙe waya ya wanke shi.

Kiɗa da muryar taswira su ne suka faɗa tsakani. An rubuta dokokin ne da kira a zuciya, kafin waɗannan na'urori su yi arha. A ƙarshen 2019 an yi ce-ce-ku-ce bayan wani babban jami'in FRSC a Abuja ya ce amfani da Google Maps yayin tuƙi laifi ne, har hukumar ta fito ta fayyace cewa abin da take hanawa shi ne taɓa wayar ana tafiya, ta kuma ce a saita taswirar tun kafin a tashi. Wannan fayyacewa ce ta sanarwa, ba gyaran doka ba. A aikace, ma'anarta ita ce hukuncin yana hannun jami'in da ya tare ka, ko na FRSC, ko ɗan sanda, ko na KAROTA, hukumar da gwamnatin Kano ta kafa a 2012. Duk inda doka ta bar rata irin wannan, ciniki ne ke cike ta, kuma wanda ya fi rauni a cinikin shi ne matashin da aka riga aka zare makullin babur ɗinsa. Jimla ɗaya a cikin ƙa'idojin, irin ta Faransa, za ta raba gardamar: an hana abin da ke toshe kunne, an yarda da na jikin hula, an hana kira. Wannan aikin 'yan majalisa ne, kuma tambaya ce da ta dace a yi wa masu wakiltar Tarauni a Abuja da kuma majalisar jiha.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da Kano. Babban abin da kamfanonin ke tallata na'urorin nan da shi shi ne magana tsakanin direba da wanda ya goya. Amma a ranar 19 ga Janairun 2013 'yan bindiga suka kai wa tawagar marigayi Sarkin Kano Ado Bayero hari a kusa da Masallacin Murtala a unguwar Hausawa, ɗan taƙi daga Gyadi-Gyadi, suka kashe direbansa da wasu dogarai. Kwanaki kaɗan bayan haka gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana goyo a babur a cikin birni, abin da ya kawo ƙarshen acaɓa ya kuma buɗe wa adaidaita sahu titi. An mayar da hanin doka a shekarar, kuma Tarauni na cikin ƙananan hukumomin da ta shafa. Aiwatar da ita yana tsananta yana sassautawa gwargwadon yanayin tsaro, amma tana nan. Mai biyan ƙarin kuɗi don na'ura mai baki biyu ya sani cewa yana sayen abin da, a kan takarda, ba shi da inda zai yi amfani da shi a unguwarsa, sai dai tsakaninsa da abokin da ke kan wani babur ɗin.

Duk wannan bayanin ya ɗauka cewa akwai hular da za a liƙa wa lasifika, kuma a nan ne Kano ke da tsohon bashi. Lokacin da FRSC ta fara tilasta sanya hular kwano a ranar 1 ga Janairun 2009, 'yan acaɓa a Kano sun fito da ƙwarya a kai, wasu da robar fenti, labarin ya zagaya duniya ana dariya. Hujjojinsu a lokacin su ne tsada, da zafi, da ƙyamar fasinja ga hular da wani ya cire, har da tsoron asiri. Ba a jima ba tilascin ya yi sanyi. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ba su yi sanyi ba: hula mai inganci da aka ɗaure daidai tana rage haɗarin mutuwa fiye da sau 6, tana kuma rage raunin ƙwaƙwalwa da kashi 74 cikin 100 a mafi yawa, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29 a duniya.

Kalmar "inganci" tana da ma'auni. A duba cikin hular ko igiyar haɓarta a ga alamar ECE 22.05 ko 22.06, ma'aunin Majalisar Ɗinkin Duniya, ko DOT na Amurka a bayanta, duk da cewa sitikar DOT ana buga ta jabu cikin sauƙi. Hular gini ta leburori da siririyar robar nan da ake bayarwa kyauta idan an sayi babur ba su cikin lissafi. A matsa gefen hula da hannu biyu, idan ta lanƙwashe kamar bokiti a ajiye ta. Wanda kuɗinsa ba zai kai duka biyun ba, hular ce farko, na'urar ta jira wata mai zuwa. Idan kuma son kiɗa ne zai sa matashin Tarauni ya ɗaure hular da tarar naira 2,000 ta kasa sa shi ɗaurewa tun 2009, hukumomin hanya suna da dalilin rubuta ƙa'idar da za ta ba shi dama a fili, maimakon barinsa yana cusa iyafis a kunne da kai a buɗe, wanda shi ne abin da ake gani yanzu a mahaɗar Court Road kowace yamma.